Amsar Wasiƙunku: "Yarona Ya Ɗauki Tarihi, Me Zai Ci da Shi?"

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Kano, wanda kan taɓa cinikin gyaɗa da rani. Ya ce ɗansa ya shiga aji 4 na sakandare, ya zaɓi Tarihi cikin darussan da zai yi wa jarrabawa. Abin ya dame shi, wai yaya zai sayar da hatsi ya biya kuɗin makaranta, yaro kuma ya je yana karanta labarin matattu? Ya hana shi ne, ko ya ƙyale shi?

To malam, mun gode. Ni ma da ina koyarwa na sha jin wannan tambaya daga bakin iyaye. Shawarata ita ce ka ƙyale shi, kuma daga cikin gonarka zan kawo maka hujja.

A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Turawa auduga suke so saboda masaƙun Ingila. Kakanninmu suka yi lissafi, suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, kuma in ciniki ya ƙi, ana iya cin ta. Sai suka rungumi gyaɗa, har aka zo ga dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Amma a 1913 ruwa ya ɗauke, aka shiga yunwar nan da ake kira Kakalaba, wanda bai ajiye hatsi a rumbu ba ya ji jiki. A 1973 fari ya sake aukuwa, a 1975 kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta cinye gonaki. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, manomi ya koma shi da kasuwa.

Malam, wannan labarin matattu ne? Ai labarin rumbunka ne da aljihunka. Yaron da ya san shi ba zai yarda a zuba gona duka a shuka ɗaya ba, ko a sayar da hatsi kaf da kaka don an ga farashi ya yi kyau. Hausawa suka ce waiwaye adon tafiya.

Sama da shekara 10 aka yi ba a koyar da Tarihi shi kaɗai a firamare da ƙaramar sakandare, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da komo da shi. Ka ga ke nan ana bukatar malamansa. Haka nan yana taimakon mai son aikin lauya ko na jarida, domin yana koya wa yaro ya ji ta bakin kowane ɓangare, ya nemi shaida kafin ya yanke hukunci. Sai dai ka ja masa kunne, kada ya yi wasa da Turanci da Lissafi.

Ku kuma malamai, don Allah kada abin ya tsaya ga haddar shekaru a allo. Ku kai yara Gidan Makama da Kasuwar Kurmi, ko Hasumiyar Gobarau in a Katsina kuke. Ku aike su wurin tsofaffin gari su tambayo wa ya kafa garin, ina burtali ya bi, ina iyakar gonaki take. Sau nawa aka yi rigima a kan iyaka don wanda ya sani ya rasu ba a rubuta ba?

Kai ma malam, littafi ne. In ya zo hutu, ka zaunar da shi bayan sallar isha'i, ka ba shi labarin abin da mahaifinka ya gani a shekarar fari, shi kuma ya rubuta.

Allah ya yi wa yaro albarka, ya ba mu damina mai kyau. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a ci gaba da aiko mana da wasiƙu.