Babakere a Kasuwa da Hannun Hukuma

 

An nemi in yi magana a kan babakere a kasuwa da yadda hukumomi ke taka masa birki. Bari in fara da abin da nake so ku tafi da shi gida, ko da gyangyaɗi ya ɗauke wani kafin in gama: girman kamfani ba laifi ba ne. Laifin yana farawa ranar da babba ya toshe ƙofar da ya bi ya shigo, don kada wani ya biyo sawunsa.

Makamin mai saye guda ɗaya ne, ƙafarsa. In mai tumatir ya tsauwala, sai ka matsa rumfar gaba, shi kuwa ya san za ka matsa, shi ya sa yake sassautawa. In rumfar ta zama guda a duk garin, makamin ya faɗi. Farashi ya hau, kaya su lalace, kuma ba wanda zai ba ka haƙuri.

Labarin da duk mai nazarin wannan fanni yake farawa da shi daga Amurka yake. A 1870 John D. Rockefeller ya kafa kamfanin Standard Oil a jihar Ohio, yana tace kananzir, wanda shi ne hasken gidaje a wancan zamani. Cikin shekara goma kusan kashi 90 cikin ɗari na man da ake tacewa a ƙasar ya koma hannunsa. Mutumin ya iya aiki, ba mai musun wannan, ya rage ɓarna ya rage kuɗin sarrafawa. Amma ku ji sauran. Kamfanonin jirgin ƙasa suna yi masa rangwame a ɓoye. A 1872 har an ƙulla wani shiri cewa duk gangar da abokin hamayyarsa ya yi dako, za a yanki wani abu daga kuɗin dakon a ba ɓangaren Rockefeller. Wato kana biyan kuɗin jirgi, kana kiwon wanda zai haɗiye ka. Shirin ya wargaje kafin ya fara aiki, amma tsoronsa kaɗai ya isa: cikin 'yan makonni ya saye matatu 22 daga cikin 26 da ke birnin Cleveland.

Majalisar Amurka ta zartar da Dokar Sherman a 1890, wadda ta haramta haɗa baki don danne ciniki da kuma yunƙurin mamaye kasuwa. Dokar ta daɗe ba ta taɓa Standard Oil ba. Sai da wata 'yar jarida, Ida Tarbell, ta bi diddigin takardun kamfanin ta tona asirinsa a mujalla daga 1902 zuwa 1904, jama'a suka harzuƙa. A 1911 Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a raba shi gida 34. Exxon da Mobil da Chevron duk zuriyarsa ce. Abin dariya, hannun jarin gutsattsarin ya yi ta tashi, Rockefeller ya fi dā arziki, kuma a 1999 Exxon da Mobil suka sake haɗewa. Duk da haka ƙofar ta buɗe, wasu sun shigo, kuma buɗe ƙofar shi ne aikin kotun.

Masu kare Rockefeller suna da hujja mai nauyi: farashin kananzir sauka ya yi a zamaninsa, to wa aka cuta? Wannan tambaya tana nan da ranta. Google ba ya karɓar ko kwabo a hannun mai bincike a intanet. Amma a shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da shi, an bayyana cewa a 2021 kaɗai ya biya sama da dala biliyan 26 ga masu ƙera wayoyi da manhajoji don ya zama shi ne za ka tarar in ka kunna wayarka. A Agustan 2024 alƙali ya yanke cewa wannan babakere ne da ya saɓa wa doka. Tarayyar Turai ma ta ci Google tarar yuro biliyan 2.42 a 2017, saboda fifita hajarsa a kan ta wasu. A ganina hukumomin suna da gaskiya. Cutar ba ta tsaya ga farashin yau ba, akwai kamfanin da aka hana shi tasowa, wanda ba za mu taɓa sanin abin da zai kawo ba.

Akwai kuma inda gasa ba ta yiwuwa. Ba hankali ba ne kamfani uku su kafa turakun wuta a layi guda. Don haka KEDCO kaɗai ke rarraba wutar babban layi a Kano da Katsina da Jigawa, kuma hukumar NERC aka kafa don ta yanke farashi ta sa ido a kan aiki. A irin wannan wuri mai saye ba shi da ƙafa, hukuma ce ƙafarsa. In ta yi sakaci, ba shi da kowa.

To, jama'a, ga inda nake so mu tsaya mu duba da kyau. Manyan babakeren da ƙasar nan ta gani, hukuma ce ta haife su. Royal Niger Company da takardar izinin gwamnatin Ingila ta 1886 ya danne cinikin Kogin Kwara, har mutanen Brass suka kai wa hedikwatarsa ta Akassa hari a 1895 saboda an toshe musu hanyar abinci. Dalar gyaɗa da muke alfahari da ita a Kano, hukumar sayen amfanin gona ce kaɗai ke da ikon fitar da ita waje, kuma tana biyan manomi ƙasa da farashin duniya, har aka soke irin waɗannan hukumomi a 1986. Dattawan cikinmu sun tuna kamfanin tarhon gwamnati na NITEL, da yadda samun layin tarho yake buƙatar sanayya. A 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne. Kamfanonin farko suna cajin minti cur ko da sallama kawai ka yi, suna cewa lissafin daƙiƙa bai yiwuwa tukuna. Globacom ya shigo da shi a 2003, nan da nan sauran suka gano yana yiwuwa. Ba a ci kowa tara ba, ƙofa kawai aka buɗe.

Malaman fiƙihu sun daɗe da hana ɓoye abinci don ya yi tsada, da tare fatake a hanya kafin su san farashin gari. Amma dokar gasa ta zamani ba mu same ta ba sai 2019, lokacin da aka sa hannu a kan wadda ta kafa hukumar FCCPC, shekara 129 bayan ta Sherman. Tana da ikon binciken haɗa baki wajen sa farashi, da duba haɗewar manyan kamfanoni kafin a amince.

Roƙona gare ku, musamman 'yan jarida da ɗalibai: duk ranar da kuka ji an hana shigo da wani kaya, ko an yafe wa wani kamfani haraji, ko an ba mutum guda lasisi, ku tambayi wa zai amfana, kuma zuwa yaushe. Ku nemi a ba ku amsar a rubuce.