Kundin Ɗalibin Zanen Gini: Me Ya Kamata a Tarar a Ciki?

Lokaci kaɗan ne, maganar kuma da tsawo, sai a shiga kai tsaye.

Duk wanda ke zauren nan ya san yadda karatun zanen gini yake tafiya a kwalejojin kimiyya da fasaha: shekara biyu ta ND da wata huɗu na horon aiki na SIWES a tsakiya, shekara guda ta koyon aiki, sannan shekara biyu ta HND. Ya san hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna, ya san ARCON, hukumar rajistar masu zanen gini, da hatiminta. Ba sai an maimaita ba. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne abin da ɗalibi yake riƙe da shi ranar da ya bar makaranta. Takardar sakamako tana cewa ya ci kaza a darasi kaza. Mai ofishin zane a Kano ko Kaduna ko Abuja kuwa da wuya ya daɗe a kan maki. Cewa yake yi, “To, mu ga aikinka.” Kundin da yaron zai buɗe a wannan lokaci shi ne batun yau.

Yadda ake haɗa shi a yanzu sananne ne. Saura mako biyu a rufe zango, sai ɗakin zane ya cika dare da rana. Ana neman filashin da ya ɓata tun bara, ana roƙon aboki kwamfuta, ana layi a shagon buga takardu. Abin da ke fitowa a ƙarshe shafuka ne masu sheƙi: bene mai hawa goma, gilashi daga sama har ƙasa, motoci masu tsada a bakin ƙofa, ciyawa kore shar, da mutanen da manhajar Lumion ta zo da su suna yawo da karnuka. Gilashin nan sau da yawa yamma yake kallo, a garin da zafin watan Afrilu kan haura digiri 40. A juya shafi a nemi sekshan ɗin da zai yanka ginin daga rufi har harsashi, babu. A nemi inda ruwan sama zai sauka, babu. A nemi kaurin bango, sai a ga layi biyu ba lamba.

Wannan ba laifin ɗalibi ba ne. Yaro yana kallon inda maki yake ne ya nufi can. In ya ga malamai sun taru gaban hoto mai ƙyalli suna jinjina kai, sun wuce zanen fandisho ba su ko sunkuya ba, ya riga ya karanta darasin. Rigimar mai wannan lacca da abokan aikinsa a nan take, kuma ta daɗe.

Mai zanen gini wasiƙa yake rubuta wa birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi, mutanen da mai yiwuwa ba zai taɓa haɗuwa da su ba, kuma abin da ya rubuta shi za su aikata. Bulo mai inci tara, wato milimita 225, in an zana shi a sikeli 1:100, kaurinsa a takarda bai kai milimita biyu da rabi ba. A wannan girman ana iya ɓoye jahilci mai yawa. A ɗauko bangon nan a zana shi a 1:20, ya haura milimita goma sha ɗaya, nan take tambayoyi su taso: ina ledar hana danshi ta zauna, yaya linta ta hau kan taga, nawa ne kaurin filasta, ta yaya katakon rufi ya kama bango don kada iskar farkon damina ta yaye kwanon? Ɗalibin da ya amsa waɗannan a takarda ya san gini. Haka matakala. In tsakanin daɓen ƙasa da na bene mita uku ne, kuma kowane taki milimita 150, taki ashirin ake buƙata. Fulan ɗin da ya nuna goma sha shida ya bar mai gida da matakalar da ba ta isa sama ba, ko wadda tsoho zai hau yana haki. A hoton kwamfuta ba mai ƙirga taki. A sekshan dole a ƙirga.

To, ta ina ɗalibi zai koyi wannan idon? Amsar da mai magana ya daɗe yana bayarwa, kuma ba zai gaji ba, ita ce awon ginin da yake tsaye. Kowane kundi ya kamata ya ɗauki aƙalla gini guda da ɗalibin ya je da ƙafarsa, ya ja tef, ya zana da hannunsa. A ƙasar Hausa kuma ba a rasa abin aunawa.

Akwai wanda ya riga ya nuna hanya. Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya zo Nijeriya a ƙarshen shekarun 1950, ya shafe shekaru yana zagaya ƙasar nan da ’yan Nijeriyar da ya koya wa aikin, suna auna fadoji da masallatai da gidajen talakawa. Ya rasu a 1982, aka buga aikin a 1990 cikin juzu’i uku mai suna An Introduction to Nigerian Traditional Architecture, na farkon kuma a kan Arewa yake. Gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, inda aka sake gina kwafin Masallacin Juma’a na Zariya da wani yanki na badalar Kano, daga wannan wahala ya fito. Duk wanda ya buɗe littafin zai ga abin da ake nufi da zane mai gaskiya: bango ya karkace an zana shi a karkace, ɗaki ya fi faɗi ta gabas an nuna haka, ba a gyara wa magini aikinsa da rula ba. J. C. Moughtin ma ya yi nasa a littafin Hausa Architecture na 1985.

Masallacin nan na Zariya, Babban Gwani Malam Mika’ilu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830. Ranar Juma’a 11 ga Agusta, 2023, wani ɓangarensa ya rufta ana sallar La’asar, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. Tun daga ranar, duk mai son sanin yadda Babban Gwani ya ɗaura bakan gizonsa a wannan ɓangare, yadda ya tayar da ginshiƙai ya ɗora tulluwa a kansu, dole ya koma ga hotuna da takardun waɗanda suka tsaya suka auna tun ginin yana cikakke. Wannan masallaci ya yi sa’ar samun masu awo. Zaurukan da ke faɗuwa kowace damina a cikin birnin Kano da Katsina da Zariya da Daura, a kwashe ƙasar a kafa shaguna na bulo, mafi yawansu ba wanda ya taɓa ja musu tef. Ga kuma ɗaruruwan ɗalibai a unguwannin nan suna kwafar hotunan gidajen Dubai.

A duba abin da ke faruwa da ɗalibin da aka tura ya auna zaure guda. Da farko sai ya nemi izini, ya gaishe da mai unguwa, ya yi wa mai gida bayanin abin da ya kawo shi, wanda shi kansa darasi ne da zai yi masa amfani har ya tsufa a sana’ar. Ya zana ɗakin da ido a littafinsa, sannan ya fara awo. Ya sami mita huɗu a tsaye, mita uku a kwance. In kusurwoyin daidai suke, daga lungu zuwa lungu mita biyar zai samu, lissafin uku-huɗu-biyar da kowane birkila ya sani. Tef ya ce biyar da ’yan kai. Nan ya gane kusurwoyin ɗakin ba daidai suke ba, kuma sai ya auna ɗaya tsallaken kafin ya iya zana shi. Ya zo kaurin bango, ya tarar a gindi ya fi na sama nesa ba kusa ba, domin ginin tubali sirancewa yake yi yana hawa. Ya ɗaga kai ya ga azara a jere, ya tambayi tsohon magini dalilin da ya sa ba a shimfiɗa ta daga bango zuwa bango ba. Magini ya gaya masa azara, tsagin giginyar nan da gara ba ta cika damu ba, ba ta son tazarar da ta wuce kimanin mita biyu ba tare da madogara ba, shi ya sa ake ɗaura ta daki-daki tana turo kai daga bango har baka ya haɗu a tsakiya, a lulluɓe da ƙasa. Ya fita waje ya ga indararo ya turo baki nesa da bango, ya ga inda makuba ta zube ruwa ya fara cin gindin gini. A yini biyu ya taɓa tazara da nauyi da magudanar ruwa da kariyar bango, abubuwan da aka yi zango guda ana rubuta masa a allo.

Akwai kuma wata dama da ba a kula da ita. Namiji baƙo iyakarsa zaure, in an yi masa karamci ya kai shigifa. Cikin gida ba shiga. Ɗalibai mata kuwa suna iya shiga har madafi da ɗakunan matan gida da bakin rijiya, su auna, su ji daga bakin masu zaman wurin abin da ke damunsu game da hayaƙi da zafi da wurin shanya. Sashen da ya tura ’yan matansa wannan aiki zai tara ilimin da masu awo maza na baya ba su samu da sauƙi ba, kuma yarinyar za ta fita da shafukan da babu irinsu a kundin kowa.

Za a ce ginin ƙasa ya zama tarihi. Amma a Jamhuriyar Nijar, masallacin Yama da magini Falke Barmu ya gina da ƙasa ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse, aka gama a 2018, duniyar masu zanen gini ta yi ta magana a kai. Ko da ma ɗalibi ba zai taɓa gina ɗakin ƙasa ba, idon da ya samu a zaure da shi zai duba dekin. Za a ce kasuwa AutoCAD da Revit take nema. Gaskiya ne, a koya musu da kyau, awon da aka yi a zaure ma a shigar da shi kwamfutar. Manhaja lambar da aka ba ta take zanawa. Za a ce bugu da tsada. Takardar A3 ta isa, sauran a ajiye a PDF. Waɗannan uzurori an sha jin su, ba su kai a tsaya a kansu ba.

Abin da ake nema daga sassa ba ya cin kuɗi sosai. A buɗe kundi tun makon farko na ND, ranar da yaro ya fara koyon jan layi da rubutun zane, kowace takarda da kwanan wata da sikeli da sa hannun malami. Kada a jefar da zanen da aka yi wa jan biro. A ajiye shi kusa da wanda aka gyara, domin mai ɗaukar ma’aikaci yana son ya ga yaron da ake yi wa gyara ya ji. Aikin rukuni a rubuta a ƙasansa wane ya yi wane ɓangare; ɗalibi biyar su kai hoto ɗaya ofis biyar kowa yana cewa nasa ne, wannan koyon ƙarya ne tun daga makaranta. Abin da aka zana lokacin SIWES ko shekarar koyon aiki ya shiga kundi da izinin ofishin da aka yi shi, a cire sunan mai gini da adireshinsa, a haɗa da hoton wurin aikin in an samu, a ga layin da aka ja ya zama bango.

Gini guda kuma a bi shi har ƙarshe. Ajin firamare mai ɗaki biyu ko ƙaramin asibitin unguwa da aka yi masa fulan da fuskoki huɗu da sekshan biyu da zanen harsashi da na rufi da jadawalin ƙofofi da tagogi, ya fi otal goma da aka tsaya a fuskarsu. Hoto mai ƙyalli yana da wurinsa, shafi ɗaya ko biyu a baya, bayan an ga abin da ya tsayu a kai.

Hukumomin makarantu su ma da nasu. Zane-zanen ɗalibai da ake tarawa a sito har gara da yoyon rufi su gama da su, a ɗauki hotonsu a adana, musamman na awo, a riƙa ba hukumar gidajen tarihi da masarautu kwafi. A cikin shekara goma, sashe guda da ke tura ajinsa unguwa guda kowace shekara zai mallaki abin da babu shi a ko’ina.

Sai masu jarrabawa na waje, kuma yawancinsu suna cikin zauren nan. In aka zo ranar duba ayyuka, a bar bangon da aka liƙa hotuna tukuna. A karɓi kundin, a buɗe tsakiya, a ɗora yatsa a kan layi guda a sekshan, a tambayi ɗalibi mene ne wannan, da me za a yi shi, nawa ne kaurinsa, wa zai aza shi. Rabin makin a ɗora shi a kan amsar, kuma a sanar da ɗalibai haka a rubuce tun ranar da suka shiga aji ɗaya.