Tsuntsayen Dagona da Ruwan da Suke Nema

Sharhinmu na yau ya nufi Dagona, matattarar tsuntsayen ruwa da ke ƙasar Bade a Jihar Yobe, cikin fadamun Haɗeja da Nguru.

Wanda ya yi sammako lokacin hunturu ya bi ɗan jagora bakin ruwa zai sha kallo. Ɗan jagora zai ce a yi shiru, a rage sauri, sannan ya miƙa masa madubin hangen nesa. Ga kirinjijiya garke guda suna fito, ga dinya tana kiwo a gefen ciyawa, ga zalɓe tsaye cak, ya zura wa ruwa ido yana dakon kifi. A cikinsu akwai baƙi, agwagin ruwa da suka taso daga Turai, suka ƙetare Sahara don gudun sanyi. Sai wajen watan Maris su juya gida.

Amma fa ruwan yana ja da baya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun ta ragu. Ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Masunci da manomin shinkafa da makiyayi duk sun ji a jikinsu, tsuntsayen ma haka.

Kiranmu ga hukumomin kogunan yankin shi ne su riƙa sakin ruwa a kan kari, su kuma share kachala. Ku malaman makaranta, ku kai ɗalibanku Dagona a hunturun bana.