Haƙƙin Mazauna Daji a Ƙasarmu

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata,

Idan muka zaga ƙauyukan Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, za mu tarar da Fulani makiyaya da mata masu tara ɗorawa da kuka, waɗanda daji ne rumbunsu tun kaka da kakanni. Galibinsu ba su da takardar shaida.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa amana a hannun gwamna. In hukuma ta karɓe fili, diyyar gini da shuka ake biya. To, makiyayin da bai yi gini ba, bai yi shuka ba, me zai samu?

Amma dokar nan ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin zama na gargajiya, har hekta 5,000 domin kiwo. Dokar 1965 kuma ta yarda a keɓe makiyaya a Arewa.

Mu ne za mu riƙe ofisoshin ƙasa da safiyo. Lalle ne mu tsaya a auna burtali da makiyaya, a rubuta su, kafin garma ta cinye su.