Yaron da Giya ta Shiga Gidansu

Jawabin da kwamitin kula da iyali ya gabatar a taron ƙungiya, Sabo, Ibadan



Maganar da aka ɗora mana yau mai nauyi ce, kuma mun san akwai waɗanda za su so a bar kaza cikin gashinta. To amma mun duba mun ga shirun da muke yi ya fi faɗin cutarwa. Magana ce a kan yara ƙanana waɗanda ubansu ke shan giya, a wasu gidajen ma uwar. Hukuncin giya dai ga malamai nan zaune, sun fi mu sani, shi kansa mai shan ma ya sani. Mu yaron muke so a waiwaya, wanda ke kwance kan tabarma da ƙarfe sha ɗayan dare, ya rufe ido kamar mai barci, alhali kunnensa na bakin ƙofa yana sauraren irin takun da Baba zai shigo da shi.

Tun shekarar 1916 da aka kafa wannan unguwa kakanninmu 'yan fataucin goro da shanu suke riƙe da juna, domin zaman Kurmi ba irin na gida ba ne. A Kano ko Katsina, idan gida ya rikice, yaro yana da kaka a layi na gaba, ga goggo, ga kawu. A nan da yawanmu ɗaki ɗaya muke haya, dangi kuwa sai an kwana a mota kafin a kai gare su. Ga kuma giyar ta zo kusa. Duk wanda ke shiga tasha ya san ogogoro, ya kuma san 'yar ledar nan da ake sakawa a aljihu. A watan Fabrairun 2024 hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar hana irin wannan ta leda, kuma cikin dalilan da ta kawo har da yadda take saurin faɗawa hannun yara.

Abu na farko, jama'a, yaron ya riga ya sani. Ɗan shekara huɗu ma yana gane wari, yana gane tangaɗi, yana ganin fuskar uwarsa ta canja in magariba ta wuce. Abin da bai sani ba shi ne dalili, kuma idan ba a faɗa masa ba, shi zai ƙago nasa. Wata malamar Islamiyya ta ba mu labarin yarinya 'yar shekara bakwai da ta zauna tana kuka a aji. Da aka lallashe ta sai ta ce, "Malama, ni ce na zubar da miya jiya, Baba ya yi fushi, shi ya sa ya fita ya sha." Kun ji fa. Wata nawa yarinyar nan ta yi tana ɗauke da wannan kaya, Allah kaɗai ya sani. Uwarta kuwa kullum ce mata take yi Baba zazzaɓi ke damunsa, don rufin asiri.

Rufin asiri abu ne mai kyau a gaban bare. Amma yaron da ke kwana a ɗakin ba bare ba ne. In aka ce masa zazzaɓi ne alhali idonsa ya ga kwalba, abin da ya koya shi ne manya na ƙarya, kuma wannan magana ba a yin ta. Daga nan sai ya haɗiye.

To me za a faɗa masa? A zaɓi lokacin da gida yake lafiya, da rana, uban ba ya nan. A yi magana gajera daidai hankalinsa. Misali uwa ta ce, "Ɗana, akwai wani abu da Babanka ke sha, sunansa giya. In ya sha sai ya juya masa kai, ya faɗi abin da ba zai faɗa ba in yana cikin hankalinsa. Abin ya kama jikinsa har ya zama ciwo, barinsa na da wuya. Ba kai ka jawo ba, kuma ba kai za ka warkar da shi ba, wannan aikin manya ne." Likitoci ma a cikin cututtuka suke lissafa irin wannan kamu, ko da yake hakan bai sauke wa mai shan alhakin neman magani ba. Za a maimaita maganar nan sau da yawa, don yaro yakan dawo da tambaya ɗaya bayan mako. Kuma don Allah kada a yi masa alkawarin Baba zai daina gobe. Ba a hannunmu yake ba.

Akwai tambayar da yaranmu ke yi wadda take karya zuciya. Yaro ya ji a makaranta giya haramun ce, ya dawo ya ce, "Inna, Baba ɗan wuta ne?" A nan muna roƙon malamai su taimaka wa iyaye mata. A cikin Sahihul Buhari akwai labarin wani sahabi da aka sha kawo shi gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Wannan ya isa a nuna wa yaro cewa aikin mummuna ne, amma ubansa yana nan ubansa, zai gaishe shi da safe, zai yi masa addu'ar shiriya. Yaron da aka koya wa tsinar ubansa, rabin jikinsa aka koya masa ya ƙi.

Sai abubuwan da muke ɗora wa yara ba mu sani ba. Kada a aiki yaro sayo ta, ko da uban ne ya aike shi. Kada a tura shi mashaya ya taso Baba, da sunan wai zai ji kunyar ɗansa. Kada a mai da shi ɗan leƙen asiri, yana binciken aljihu yana kawo rahoto. Sannan a kafa masa doka ɗaya: ran da ya ji warin nan, ba zai hau babur ko motar Baba ba, kome aka ce masa.

Kowane yaro a irin wannan gida yana bukatar ƙofa guda da zai ƙwanƙwasa da dare. A nan ne mu maƙwabta muka zama goggo da kawu. Uwa ta shirya da wata maƙwabciya mai riƙon amana tun da rana, a faɗa wa yaron a gabanta: in hayaniya ta tashi, ɗauki ƙanenka ku tafi ɗakin Hajiya, kada ka shiga tsakani. Ke kuma Hajiya, in sun zo ki shimfiɗa musu, ki ba su abinci, kada ki tsare su da tambaya, kada kuma labarin ya kai bakin famfo da safe. Idan abin ya kai ga duka, ko yara na kwana da yunwa, to an wuce wurin rufin asiri, a kai magana ga mai unguwa ko fadar Sarki.

Malaman allo da na boko, yaron da ke gyangyaɗi kullum, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya cika ciwon ciki ba dalili, a tambaya kafin a ɗaga bulala. Mu kula kuma da babbar 'ya, wadda ake yabo wai ta cika hankali, ita ce girki, ita ce raino, tana 'yar shekara tara. Ita ma yarinya ce, a bar ta ta yi wasa. Kuma mu tsawata wa 'ya'yanmu kan kiran wani "ɗan mashayi". Mu manya ma mu daina jefa musu karin maganar nan ta barewa da ɗanta. Gaskiya ne 'ya'yan masu sha sun fi wasu shiga haɗarin kamuwa, amma da yawansu sukan girma ba su taɓa ɗanɗana ta ba.

Wasu kan ce a tura yaran Arewa wurin kakanni. Wani lokaci shi ne daidai. Sai dai a zaunar da yaron a faɗa masa dalili da lokacin da za a zo ganinsa, in ba haka ba zai ɗauka korar sa aka yi.

Shi kuma ɗan'uwanmu mai shan, in yana cikin taron nan, ba mu ambaci sunan kowa ba. Muna dai sanar da iyalai cewa wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya yanke rana ɗaya, jikinsa na iya kama rawa, ya yi ta gumi, ya riƙa ganin abin da babu, har ya kai ga farfaɗiya cikin kwana biyu ko uku, kuma ana mutuwa a haka. Saboda haka kada a kulle shi a ɗaki ko a ɗaure shi. Akwai likitocin wannan fanni a asibitin UCH nan Ibadan, akwai kuma asibitin Aro a Abekuta da ke da sashen masu fama da shaye-shaye. Duk wanda ke son rakiya ya samu ɗaya daga cikinmu bayan an tashi, ko ya aiko a ɓoye, za mu tafi tare.