Daga Zauren Lacca Zuwa Gindin Darbejiya

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai



Da sakataren ƙungiya ya ce ni zan yi magana bana, na tuna masa cewa ni ba likita ba ne, fayil nake juyawa a Dutse. Ya ce ai shi ya sa. To, ga ni. In na yi tuntuɓe, malamanmu na kimiyya suna zaune, sai su ɗauko jan biro kamar yadda suka saba.

Kwanakin baya na wakilci maigidana a wata jami'a, inda wani farfesan likitanci ya gabatar da lacca a kan ciwon sikila, wanda iyayenmu ke kira amosanin jini. Zaure ya cika maƙil, aka yi awa biyu ana zuba Turanci, kuma gaskiya na ƙaru. Amma direban da ya kai ni yana waje a gindin darbejiya, alhali 'ya'yansa biyu da wannan ciwo suke kwana suke tashi. A hanyar dawowa ya tambaye ni abin da aka ce. Na yi ta kame-kame, don ban taɓa jin an faɗi abin da Hausa ba. Da na gama sai ya yi shiru, can ya ce, "Yallaɓai, ina ma na ji wannan kafin a ɗaura mana aure."

Ga abin da na faɗa masa, a taƙaice. Sikila gado ce, ba maita ba ce, ba kuma iska ba. Kowane mutum yana karɓar iri ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yana iya tsufa bai san yana ɗauke da komai ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya haka suke. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato mai ciwon. A nan ne har masu digiri suke ɓata lissafi. Suna zaton in an haifi huɗu, ɗaya ne kawai zai kamu, saura sun tsira. Ina! Kowane ciki lissafinsa daban, kamar mai jefa kwabo: faɗuwar farko ba ta san ta biyu ba. Ana iya haifar biyar ba ko ɗaya, ana iya haifar uku a jere duk masu ciwon.

Me ya sa abin ya yi yawa a ƙasarmu? A 1954 wani mai bincike, Anthony Allison, ya nuna a gabashin Afirka cewa mai AS yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Saboda haka inda sauro ya yi yawa, masu AS suka fi rayuwa, irin ya bazu.

Kada kuma a zaci duk binciken a ƙasar Turawa ake yi. A nan Kano, likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Murtala, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi shekaru suna duba yara masu sikila da wata na'ura mai auna saurin gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, don gano waɗanda shanyewar ɓarin jiki ke barazana gare su. Sakamakon da suka buga a 2022 ya nuna cewa maganin haidiroksiyuriya, ko da ƙaramin awo ne, yana rage wannan haɗari. Likitocin duniya sun karanta. Uwar da ke goye da irin wannan yaro a Kawaya ko Ahoto fa, wa ya gaya mata?

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane wannan giɓi. A Landan akwai wani ɗan maƙeri, Michael Faraday, wanda ɗinkin littattafai yake koyo. A 1812 wani ya ba shi tikitin sauraron laccocin masanin kimiyya Humphry Davy. Daga nan rayuwarsa ta juya, har a 1831 ya gano dabarar da janaretanmu ke aiki da ita yau. Bai manta ƙofar da ya shigo ba: laccocin Kirsimeti na yara da aka fara a cibiyarsu a 1825, shi ya fi kowa gabatar da su, kuma har yanzu ana yi. Haka Jami'ar Rockefeller ta birnin New York, wadda ba ta da aiki sai binciken lafiya, tun 1959 take tara ɗaliban sakandare su saurari manyan masananta.

Mu kuma mun ga abin da shiru ke haifarwa. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda jita-jita, sai a 2004 aka koma, bayan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. Ni ban ga laifin talaka ba sosai, domin mutane ba su manta gwajin maganin sanƙarau na 1996 ba, kuma waɗanda suka san gaskiya sun makara wajen yi musu bayani da harshensu. Sai a 2020 aka tabbatar an rabu da nau'in ƙwayar cutar na daji a Afirka.

Lokacin da muke aji ɗaya a makarantar nan babu jami'a ko ɗaya a Jigawa. Yau akwai ta Tarayya a Dutse tun 2011, akwai ta Sule Lamido a Kafin Hausa, ga Asibitin Rasheed Shekoni. Masanan sun matso kusa. Mai gayyatarsu ne babu.

Don haka ina kawo wa ƙungiya shawara. Sau ɗaya a shekara mu gayyato likita ko malamin jami'a, ya yi lacca da Hausa zalla a wannan fili. A kira iyaye, limamai, masu unguwanni, da ungozomomi, a tanadar wa mata wurin zamansu. Magana minti talatin, tambayoyi awa guda, kuma kada a yi wa kowa dariya in ya yi tambaya. Ta farko ta zama a kan sikila, sannan 'yan ajin ƙarshe su yi gwajin jini in iyayensu sun yarda. Jihar Kano ta mayar da gwaji kafin aure doka a 2024, amma gwajin da aka yi bayan an kai lefe, kowa ya san rigimar da ke biyo bayansa. Gara yaro ya san jininsa tun bai fara zance ba.

Kuɗin ba su wuce na man mota, hayar kujeru da lasifika ba. Abin da muke kashewa a kalandar ƙungiya, wadda hotunanmu ne kawai a ciki, ya isa. Ni na ɗauki nauyin rubuta takardun gayyata da binsu ofis-ofis, tunda sana'ata ce. Ina neman mutum uku, ɗaya daga cikinsu mace, su ba sakatare sunansu kafin a kawo abinci.