Jawabi a Kan Tushen Jiyyar Maras Lafiya

 

Na san waɗansu za su ce me ya kai malamin kotu ga zancen jiyya, ga likita da malaman asibiti zaune. Ku gafarce ni, nadama ce ta tsai da ni gabanku. Baffana, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami har ya kai ni makaranta, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Muka kai shi asibiti, aka duba shi, aka sallame mu da magani, ba mu kuwa taɓa ƙetare sa'ar maganin nan ba ko sau ɗaya. Amma muka bar shi kwance rigingine dare da rana, muna tsammani tausayi ne kada a motsa shi. Fatar tsatsonsa ta yi duhu, muka shafa mai muka ƙyale. Kafin wata ya ƙare wurin ya buɗe ya zama gyambo mai zurfi. Da muka koma, wata mai jiyya ta duba, ta ce, "Malam, sau nawa kuke juya shi a yini?" Muka dubi juna, aka rasa mai amsawa. Gyambon nan ya wahalshe shi fiye da ciwon, har Allah ya karɓi abinsa. Tun ran nan na gane magani rabin aiki ne, sauran rabin yana hannun wanda ke zaune bakin gado.

Jiyya ba baƙon abu ba ne gare mu. A Madina akwai wata mace, Rufaida al-Aslamiyya, wadda ta kafa hema cikin masallaci tana jiyyar masu rauni, can kuwa aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu da kibiya ta same shi a yaƙin Handak, shekara ta 5 bayan Hijira. Amma wadda ta tsara jiyya ta zama ilimi mai ƙa'ida ita ce Florence Nightingale, mutuniyar Ingila. Cikin 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, ta tafi da mata 38 zuwa asibitin soja na Scutari, a birnin Santambul. Ta tarar da sojan da kwalara da atuni da zazzaɓi ke kashewa sun fi waɗanda harsashi ya kashe yawa nesa ba kusa ba. Cikin 1855 aka aiko da masu duba tsabta daga Ingila, aka yashe magudanai, aka buɗe wa iska hanya, sai mace-mace suka ragu ƙwarai. Abin da ya sa hukuma ta saurare ta kuwa shi ne lissafi, gama ta tara adadin waɗanda suka mutu da abin da ya kashe su, wata bi wata. Cikin 1860 ta buɗe makarantar masu jiyya a asibitin St Thomas na London.

To, mene ne tushen aikin? Na farko tsabtar hannu. Cikin 1847 wani likita, Ignaz Semmelweis, a birnin Biyana, ya tilasta wa likitoci su wanke hannu da ruwan magani kafin su taɓa masu haihuwa. A watan Afrilu wajen mata 18 cikin 100 suka mutu a ɗakin nan, amma cikin 'yan watanni abin ya komo wajen 2 cikin 100. Saboda haka mai jiyya ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa maras lafiya, da bayan ya taɓa shi, da bayan ya ɗauke masa fo, da kafin ya ba shi abinci.

Na biyu juyawa, watau abin da muka jahilta. Kadan mutum ya daɗe kwance bisa gefe guda, nauyinsa yakan danne fata tsakanin ƙashi da shimfiɗa, jini ya kāsa isa wurin, naman ya mutu. Wuraren da abin ya fi kamawa su ne tsatso, da kwatangwalo, da dunduniya, da kafaɗa, da gwiwar hannu. Wanda ba ya iya motsi da kansa a juya shi kowace sa'a 2, a sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, a tallafe ƙafafunsa don kada dunduniya ta danne, shimfiɗa kuma ta zauna busasshiya ba tattara. Ga mu baƙaƙen fata ja ba ya fitowa sosai, sai a lura da wurin da ya yi duhu, ko zafi, ko tauri. In an gan shi kada a murza, a ɗauke masa nauyi, a nuna wa malamin asibiti. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku ci da sha. A zaunar da maras lafiya kafin a ba shi abinci, a ba shi kaɗan kaɗan, domin wanda maƙogwaronsa ya yi rauni kunu yakan kuskure hanya ya shiga huhu ya jawo masa ciwo. Wanda ya suma kada a ɗura masa kome, ko ruwa ko rubutu, a kwantar da shi bisa gefe a nemi taimako. Mai gudawa kuwa rashin ruwa ne ke kashe shi. A zuba sukari ƙaramin cokali 6 shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a yi ta ba shi kurɓi kurɓi har a isa asibiti.

Na huɗu lura da rubutawa, nan ne aikinsu ya gamu da nawa. Alƙali ba ya wurin da aka yi rigima, da shaida yake hukunci, in malamin kotu ya rubuta abin da ba a faɗa ba, an zalunci wani. Haka likita, 'yan mintoci yake yi wurin maras lafiya, mai jiyya ne shaidarsa. Zafin jikin baligi lafiyayye wajen digiri 37 ne, bugun jijiyarsa 60 zuwa 100 a minti, numfashinsa 12 zuwa 20. A auna, a rubuta tare da sa'ar da aka auna, da abin da ya ci, da sau nawa ya yi fitsari. Wanda bai auna ba ya bar gurbin fari, ya faɗi gaskiya, gama lambar da aka ƙaga takan ɓad da likita fiye da gurbin da ba kome.

Na biyar mutunci. A kira shi da sunan da ake girmama shi da shi, a gaya masa abin da za a yi kafin a taɓa shi, a rufe masa al'aura wajen wanka, asirin ciwonsa kuma kada ya fita bakin ƙofa. Ko wanda ba ya iya magana sau da yawa yana ji, kada a yi zancen mutuwarsa a kansa.

Roƙona gare ku, iyayena, ku da ake jin maganarku cikin garuruwa, abu 2 ne. Ku tsaya kada ɗakin shan magani ya rasa ruwa da sabulu. Sa'an nan in kun tafi gaida maras lafiya, bayan addu'a, ku tambayi mutanen gida yaushe aka juya shi. Da wani babba ya yi mana tambayar nan da wuri, da watakila baffana bai sha wuyar da ya sha ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sāka wa masu jiyya da alheri, ya gafarta wa magabatanmu, amin. Haza wassalam.